Labbo na Kucheri da Wasiƙun Mai Gora

Kawuna Labbo mutumin Kucheri ne, a ƙasar Tsafe, kuma shi ne yayan mahaifiyata Wasila. Yana ɗan saurayi Turawa suka ci ƙasar nan. Ubansa Dogo manomi ne, shi ma har yau ba shi da wata sana'a da ta wuce dawa da gero da 'yar gonar auduga a bakin fadama. Ban yi niyyar rubuta labarinsa yanzu ba, don yana nan da ransa da ƙarfinsa. Amma tun abin da ya faru a Karakkai a kakar bana ake ta magana a kansa, masu yabo da masu zagi, kuma duk cikinsu ba wanda ya san mutumin. Ni ina wurin. Har yanzu in ina koyarwa na ji ana bugun dawa a bayan makaranta, sanduna na sauka, sai in ajiye allin da ke hannuna.

Da ƙuruciyarsa ɗan kokawa ne. In an gama girbi yakan bi garuruwa tun daga Tsafe har Magami yana neman wanda zai kayar, makaɗa na binsa suna kiran Labbo na Dogo. Inna takan ce ba kayen ne ke yi masa daɗi ba, kiran sunan ne. Ta ce akwai ranar da ya kayar da wani ƙato a gaban taro, amma makaɗin ya yi kuskure ya kira sunan wani, sai ya dawo gida ya ƙi cin abinci kamar shi aka kayar.

Da yaƙin Turawa ya yi tsanani, aka aiko kowane gari ya ba da masu ɗaukar kaya. Mai gari ya duba ƙarti, idonsa ya tsaya kan wanda ya fi kowa faɗin kafaɗa. Aka tafi da Kawu a ƙafa har Zariya, daga nan jirgin ƙasa, daga nan jirgin ruwa, har wata ƙasa ta gabas inda ake fafatawa da Jamus. Ba ya son ba da labarin can. Abin da na taɓa ji daga bakinsa shi ne akwatin harsashi ya ɗauka har gashin tsakiyar kansa ya zube, kuma waɗanda yunwa da gudawa suka kashe sun fi waɗanda bindiga ta kashe.

Shi ma gudawar ce ta kwantar da shi a wata rumfar ciyawa da ake kira asibiti. A tabarmar da ke kusa da tasa akwai wani siririn Bafulatani mai suna Jibo, daga rugagen Karakkai ta ƙasar Bungudu, wanda ya kai bijimi kasuwa aka kama shi aka cike gurbin wani da shi. Mai jinyarsu kuwa wani Bature ne da ba ya rataya bindiga, sai gorar ruwa, don haka suka sa masa suna Mai Gora. Shi ke wanke waɗanda suka ɓata jikinsu, shi ke ɗaga kan marar lafiya ya ba shi ruwa. Da 'yar Hausarsa ta tsince-tsince ya gaya musu cewa shi ɗan wata jama'a ce ta ƙasarsu masu kiran kansu Abokai, waɗansu kuma na ce musu Kweka, waɗanda suka haramta wa kansu ɗaukar makami ko da sarkinsu ne ya ce su ɗauka. Ya ce waɗansu 'yan uwansa suna kurkuku saboda haka. Bai taɓa kiransu zuwa addininsa ba. Da suka fara samun sauƙi ma, shi ke kawo musu ruwan alwala.

A rumfar nan Kawu da Jibo suka yi wa juna alkawari, in Allah ya mai da su gida, ba mai sake ɗaga hannu ko makami a kan ɗan Adam. Allah ya mai da su. Kawu ya bar kokawa, ya auri Maijidda, ya koma gona. Jibo ya koma bayan shanu.

Aikin da aka san su da shi da wasa ya fara. Jibo ya kawo ziyara Kucheri, sai ga rigima: shanun wasu baƙi sun shiga geron wani maƙwabcin Kawu, an taru har an fara zare gatura. Kawu ya dubi Jibo ya ce, "Kai ka tsaya wa manomi, ni yau Bafillace ni ke." Ya tsallaka ya tsaya cikin makiyaya, ya shiga faɗin wahalar mai shanu da bakin Bahaushe: ƙishirwar dabba, nisan mashaya, yaro ɗaya da garke guda. Jibo kuma ya tsaya cikin manoma ya lissafa wahalar noma tun daga sharar gona har tsaron tsuntsu, da Hausarsa mai karkata. Mutane suka fara dariya, daga baya suka kasa kunne. Mai gona ya ji Bafulatani ya faɗi asararsa fiye da yadda shi zai iya faɗa, zuciyarsa ta sauka. Makiyaya kuma suka ga ba su kaɗai ba ne a garin mutane. Aka shirya a kan shanun za su kwana a gonar da rani su bar mata taki.

Daga nan abin ya zama musu ƙa'ida. Ko'ina aka kira su, tsakanin Tsafe da Gusau da Bungudu, manomi shi ne bakin makiyaya, makiyayi shi ne bakin manoma. Ba su taɓa sauyawa ba. Masu gari suna son haka, don yana hana magana kaiwa gaban alƙali, kuma yana hana jini.

Mai Gora bai manta da su ba. Wasiƙarsa takan zo ta hannun wani kanti a Gusau, a aika wa kowa, su haɗu a zauren gidanmu na Gusau ranar kasuwa, don mu ne a tsakiya. Da farko wani akawu mutumin Lakwaja ne ke karanta musu ya rubuta amsa. Da na yi nisa a makaranta aikin ya dawo hannuna, in na zo hutu, har na gama bara aka ba ni koyarwa a nan Gusau. Mai Gora yakan ba su labarin yadda ya je ciyar da 'ya'yan Jamusawan nan da aka yi yaƙi da su, da labarin abokansa na wasu ƙasashe da yake musayar wasiƙa da su a kan hana yaƙi. Ya ce wasiƙun Kawu da na Jibo ba ya ɓoye su, yakan karanta wa jama'arsu a ɗakin da suke taruwa su zauna shiru. Wannan zaman shirun ya daɗe yana ba Kawu dariya.

"To in kowa ya yi shiru, wa ka jan salla?" in ji shi.

"Kai dai da ba su ɗauke ka ba," in ji Jibo, wanda ke kiransa Kaɗo, wato Bahaushe a bakin Fulani. "Kaɗo da shiru? Sai dai in tuwo na bakinai."

In an zo ba da amsa, Kawu ne ke fara faɗa ina rubutawa. Yakan gyara zama, ya miƙe ƙafa, ya ba da labarin kowace rigima da suka kashe tun wasiƙar baya. Ya iya ba da labari. Sai dai a cikin labarin nan duka Jibo ne ke yin komai: Jibo ya ce kaza, mai gona ya yi kuka, Jibo ya kama hannun wane, aka ajiye kwari da baka. In na ce, "Kawu, ai kai ma ka yi magana a wurin," sai ya daka mini tsawa.

"In yabi kaina? Ni maroƙi ne? Rubuta ka ce ni dai jaki ni ke riƙe mai."

Ba wanda ke zauren da bai san kara ce ba. Haka ake yi: ka ɗaga abokinka ka sauke kanka, shi kuma in nasa lokacin ya zo ya ɗaga ka.

To, lokacin Jibo in ya zo, ga abin da yake faɗa: gaisuwa, da fatan lafiyar iyali, da cewa ruwa ya yi kyau ko bai yi ba, da cewa jar saniyar nan ta haihu. Shi ke nan. Ranar farko da na karɓi aikin na ɗaga alƙalami ina jira, na ce, "Baffa, ba za ka ce komai a kan Kawu ba?" Sai ya ja gefen rawaninsa ya rufe baki, ya dubi ƙasa, ya ce, "Rubuta ciyawa ta hito." Jibo bai taɓa kiran sunan Kawu ba, ko a gabansa ko a bayansa. Haka kuma ban taɓa jin ya kira sunan matarsa Rakiya ba, ko na ɗansa na fari Ɗahiru. A wurinsu wanda ya fi kusa da zuciya shi ake jin kunyar ambata. Kawu ya san wannan sarai, shi da yake bakin Fulani a gaban taro. Amma sanin bai hana abin cinsa ba.

Mai Gora kuwa mutanensa ba su san kara ba. A wurinsu mutum ba ya faɗin abin da ya fi gaskiya ko ya kasa ta, saboda haka abin da ka gaya musu shi suke ɗauka. Shekara da shekaru yana samun wasiƙa biyu a ambulan ɗaya: ɗaya cike da ayyukan Jibo, ɗaya cike da ruwan sama da shanu. Sai amsoshinsa suka fara karkata. Yaya Jibo ya san abin da zai faɗa wa mai fushi? Jama'armu sun yi addu'a domin Jibo. Wata tsohuwa a cikinmu ta ce a gaida Jibo, ta ce labarinsa ya sa ta shirya da ƙanwarta. Sunan Kawu yakan fito a gaisuwar farko, ya sake fitowa a sallamar ƙarshe tare da godiya a kan kyakkyawan labarin da yake aikowa.

In na gama karantawa Kawu yakan ce, "Ɗan Wasila, koma wurin da ya ambace ni." In koma in karanta gaisuwar. Ya ce, "Sai mi?" In ce sai maganar Baffa. Ya gyaɗa kai ya ce madalla, ya ɓare goro ya miƙa wa kowa, shi bai ci ba.

Wata shekara Mai Gora ya aiko wa Jibo bargo, wai ya ji makiyaya na kwana a fili. Kawu ya karɓa ya shafa, ya juya shi, ya ce gashinsa mai kyau ne, ya miƙa. Da na kai masa ziyara Kucheri bayan haka na tarar yana zaune a ƙofar gida, tuwo a gabansa ya huce. Maijidda ta leƙo ta ce mini, "Malam, ka zo daidai. Ka yi wa kawunka magana. Bature na bangon duniya ya hana shi cin tuwona."

"Wa ya ce miki Bature ne?"

"To wa ne ne? Bargo kake so? Ga auduga nan gonarka, a kai wa masaƙi. In kuma suna kake so, in aika a kira makaɗa, sai dai sun tsuhwa."

Ya yi dariya don dole. Da ta koma ciki ya ce mini a hankali, "Ni na fara yi wa Mai Gora magana a rumhwar nan, ka sani? Jibo ko kallonai bai iya yi. Ni na koya mai sannu da na gode." Na ce to mu rubuta masa gaskiyar yadda aikin yake, ni ma zan iya ƙarawa da bakina. Ya ce in na kuskura ba shi ba ni. Yabon da aka roƙa, in ji shi, ba ya son sa. Abin da yake jira shi ne ranar da Jibo zai buɗe baki da kansa.

A kakar bana wasiƙa ta zo da kauri. A ciki akwai takarda bugun inji, shafi ne daga 'yar jaridar da jama'ar Mai Gora ke rarraba wa junansu a ƙasashe. Kawu da Jibo suka zo, muka zauna a zaure, na fassara. Kan labarin shi ne Makiyayin Sulhu na Ƙasar Hausa. An kawo rigimar Kucheri ta farko, an kawo wasu da yawa, kusan da kalmomin Kawu. An ce dabarar tsallakawa, kowa ya tsaya wa abokin gabarsa, hikima ce da ya kamata manyan ƙasashe su koya daga Jibo. Can kusa da ƙarshe aka ce yana da wani amintaccen abokin tafiya, manomi, wanda ke riƙe masa jaki.

Jibo ya rufe baki da rawani. Kawu ya ce, "Ba suna?" Na duba na ce babu. Ya ce, "To ai gaskiya ya hwaɗi. Ni na ce a rubuta." Ya juya ga Jibo yana murmushi. "Ranka shi daɗe, Sarkin Sulhu. A ɗaura wa jaki akumari?"

"Bari, Kaɗo," in ji Jibo. Bai ƙara komai ba. Na ga Kawu ya ɗan jira, ko za a ƙara.

Ba mu tashi daga zauren ba sai ga ɗan aike daga mai garin Karakkai: shanun wani Manu sun kwana cikin dawar wani Bawa, gari ya ɗauki zafi, a zo da sauri. A wasiƙar Mai Gora ya roƙi in mai rubutun zai iya, ya je ya ga aikin da idonsa ya kwatanta musu. Makaranta na hutu, sai na bi su. A hanya Kawu ya karɓi igiyar jakin da ke ɗauke da guzurinmu ya ƙi sakinta, Jibo ya yi ya yi ya ba shi, ya ƙi.

Da safe muka fara zuwa gonar, kamar yadda suka saba. Ɓarnar ta yi muni, dawa ta nuna an tattake ta har tsakiya. Amma da muka zaga ta bayan gonar Kawu ya tsaya ya daɗe yana duban burtalin da shanu ke bi zuwa rafi. Gonaki sun matse shi daga kowane gefe, har ya zama saniya biyu ba za su jera ba. Na ji ya ce, kamar da kansa yake, "An ci burtali." Wannan ita ce hujjar makiyaya, kuma a bakinsa ya kamata ta fito.

Da hantsi aka taru a gindin tsamiyar ƙofar gari. Manoma a gabas, da yawa, makiyaya a yamma, 'yan kaɗan, kowa da sandarsa. Jibo ya jingine tasa a jikin tsamiya, ya je ya tsaya cikin manoma. Kawu ya ɗaure jaki. Sai na ga ya bi bayan Jibo ya tsaya kusa da shi.

"Kaɗo, ka ɓace hanya," in ji Jibo ƙasa-ƙasa. "Wurinka can ne."

"Mai riƙon jaki ba shi da wuri. Ka yi duka biyun, kai da ka iya."

Mai gari ya ce a fara. Jibo ya buɗe baki ke nan, Kawu ya riga shi. Ban taɓa jin ya yi magana kamar ta ranar ba. Ya fara daga ranar da Bawa ya ɗauki gatari ya shiga sharar gonar nan, ya bi ta shuka da ruwan da ya yi jinkiri, da noman farko da maimai, da 'ya'yan Bawa da suka wuni korar tsuntsu, har ya zo kan daren da shanu suka shiga. Bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Amma abin da in Jibo ya faɗa yake sanyaya zuciyar manomi, da ya fito daga bakin manomi sai ya zama wuta. Mutane suka fara amsawa. Wani tsoho da ya san shi tun zamanin kokawa ya ɗaga murya ya ce, "Labbo na Dogo!" Samari suka ɗauka. Na dubi fuskar Kawu, na ga tana haske, na kuma ga bai ambaci burtali ba.

Da ya gama, mai gari ya juya yamma ya ce wa zai yi magana. Ba kowa. Makiyaya suka zuba wa Jibo ido. Da ya tsallaka ya tsaya musu, da an koma Fulani gefe Haɓe gefe, abin da suka yi shekaru suna hanawa. Bai tsallaka ba. Ya juya ya dubi Kawu, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Akwai sauran magana wurin wanga mutum. Shi ya ga bayan gona." Kawu ya buɗe baki. Na yi imani da an ba shi numfashi biyu da ya faɗa. Amma Usman, ƙanen Manu, ya riga ya daka tsalle ya shigo fili yana nuna Jibo da sanda, yana cewa da Fillanci da Hausa an sayar da su, har nasu ya koma wa Haɓe. Samarin gari suka taso masa.

Jibo ya shiga tsakani hannu sake. Ban ga sandar wa ce ba, kuma har yau kowane ɓangare na cewa ta ɗayan ce. Ƙararta kawai na ji, sau biyu. Da na sake gani Jibo na ƙasa, Kawu ya kife a kansa ya rufe shi da jikinsa, sanduna na sauka a bayansa, shi kuwa bai ɗaga hannu ba. Da aka ga jini a ƙasa kowa ya ja da baya. Ni ina maƙale a jikin tsamiya.

Ƙashin kafaɗar Jibo ya karye, kansa ya fashe ta bayan kunne. Kawu ya goya shi har ruga, aka kira maɗori. Daga baya Kawu ya koma wurin mai gari shi kaɗai ya faɗi maganar burtali, aka je aka gani, aka yarda an ci shi. Amma magana ta riga ta wuce nan. Dattawan ruga suka ce ba za su sake shan ruwa a rafin Karakkai ba, da zarar mai ciwo ya iya zama kan bijimi za su yi kudu.

Kawu bai koma Kucheri ba duk tsawon jinyar, ya bar wa Maijidda da maƙwabta girbinsa. Yana kwana a bayan shingen ruga. Rakiya takan ajiye masa ƙwaryar nono ba tare da ta gaishe shi ba. Ɗahiru kuwa in ya gan shi sai ya sauya hanya. Na koma can ranar da za su tashi. An kwance bukkoki, an ɗora kaya, an ɗaura Jibo a kan wani farin sa, hannunsa a rataye. Kunnensa na hagu ya daina ji, sai Kawu ya zaga ta dama.

"Ka yahe mini," in ji Kawu.

"Na yahe tun kana kwance bisa bayana. Nauyinka ya hi sandar ciwo."

"To ka zauna. In gina maka ɗaki Kucheri, shanunka su kwana gonata."

Jibo ya girgiza kai, ya nuna mutanensa da haɓa. Ya ce bayan abin da suka gani, in ya bar su suka tafi su kaɗai, maganar Usman ta tabbata. Kawu ya riƙe igiyar san ya ƙi saki, ya ce, "Shekara nawa, Jibo? Kalma guda. Ko sau ɗaya ka ce wa Mai Gora wane ya yi kaza. Mi za ta rage ma?"

Jibo ya dube shi. Sa'an nan ya ce, "Shi baƙo ne. Baƙo a ka ba labarin ruwa da ciyawa." Ya sa hannunsa mai lafiya ya zare igiyar daga hannun Kawu a hankali. Muka bi su har bakin rafi, daga nan Ɗahiru ya juyo ya ce mu koma.

Yanzu sunan Kawu ya zaga ƙasar nan fiye da zamanin kokawa. A kasuwar Tsafe ana nuna shi da yatsa, ana cewa ga mutumin da ya kori Fulani daga Karakkai da baki kawai. Makon jiya ina Kucheri sai ga wasu dattawa daga Magami, da goronsu, sun ce shanu sun yi musu ɓarna, sun ji labarinsa, suna so ya je ya tsaya musu kamar yadda ya tsaya wa Bawa. Suka yi ta zuba masa yabo, wani har ya kira shi garkuwar manoma. Kawu ya saurara har suka gama. Ya tambaye su wa zai tsaya wa masu shanun. Suka dubi juna suka yi dariya, suka ce ai ba don su aka zo ba. Ya mayar musu da goronsu, ya ce su gaida gida.

Da suka tafi muka zauna a ƙofar gida. Na ce masa ya kamata a ba Mai Gora amsa, yana jiran labarin Karakkai. Ya ce ba yau ba. Ya tsinci wani kara yana ɓarewa, ya ce an gaya masa su Jibo sun sauka can wajen wani babban kogi, ƙasar manoma ce ita ma, kuma ba a rasa rigima da kaka. Na ce haka na ji.

"To in rigima ta tashi can, ba shi iya zama shi kalla. Na san shi." Ya jefar da karan. "Ɗan Wasila, kana ganin ya samu wani Kaɗon?"

Na ce ban sani ba. Maijidda ta aiko a ce tuwo ya sauka, ya ce a rufe masa.